MARY ANNING, 'YAR KAFINTA MAI KARANTA DUWATSU

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, don kuwa za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Ingila, mu kuma koma baya da shekara fiye da 200. Labarin wata mace na kawo muku wadda ba ta yi sarauta ba, ba ta auri mai sarauta ba, ba ta kuma taɓa shiga babbar makaranta ba. Sana'arta ita ce tono katantanwa da ƙasusuwan da suka zama dutse a bakin teku, ta wanke, ta sayar, su sami na abinci ita da uwarta. Amma a yau duk inda ake koyar da ilmin duwatsu da halittun dā, sai an ambaci sunanta. Sunanta Mary Anning. 'Yan makaranta, ku matso kusa, labarin ya fi shafarku.

An haifi Mary ran 21 ga watan Mayu 1799 a wani ɗan gari na bakin teku mai suna Lyme Regis, a lardin Dorset, kudancin Ingila. Don ku gane lokacin sosai, shekara 5 ke nan kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, kuma Nana Asma'u ta girme ta da kamar shekara 6 kawai. Watau zamaninsu ɗaya, ko da yake babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta. Ubanta Richard Anning kafinta ne. Uwarta kuwa Molly ake ce mata. Talakawa ne liƙis. Gidansu yana dab da ruwa, har akwai daren da teku ya yi hauka ya shigo musu, sai ta tagar bene suka fita. Molly ta haifi 'ya'ya 10, amma biyu kaɗai suka girma, watau Joseph da Mary. Duk uwar da ta taɓa binne ɗa ko ɗaya ta san abin da wannan lissafi yake nufi. Sunan Mary ma gado ta yi daga yayarta, wadda wuta ta kama tufafinta ta rasu tana 'yar shekara 4, 'yan watanni kafin a haifi wannan.

Ita ma da ƙyar ta sha. Ran 19 ga watan Agusta 1800, tana da wata 15 a duniya, wata maƙwabciyarsu ta ɗauke ta suka tafi kallon wasan mahaya dawaki. Hadari ya taso, matar da waɗansu mata biyu suka fake a gindin wata bishiya, sai aradu ta faɗo a kan bishiyar. Matan nan uku duk suka mutu nan take. Aka kwashi jaririyar kamar babu rai, aka ruga gida aka sa ta a ruwan ɗumi, ta farfaɗo. Mutanen garin sun daɗe suna cewa aradun nan ce ta buɗe mata kai, wai dā yarinya ce mai yawan laulayi. Wannan zancen gari ne kawai. Abin da za mu ɗauka a nan, iyaye mata, shi ne gindin bishiya ba wurin fakewa ba ne in ana tsawa, a Ingila ko a Gwiwa.

Karatunta bai taka kara ya karya ba. A makarantar ranar Lahadi ta cocinsu ta koyi karatu da rubutu, shi ke nan. Iyayenta kuma ba 'yan babban cocin gwamnati ba ne, a zamanin nan kuwa irinsu ba a ba su digiri a manyan jami'o'in Ingila, ba a kuma ba su manyan muƙamai. Ga talauci, ga wannan, ga ta mace. Ƙofa uku ke nan a rufe tun ba ta san kanta ba.

To, mene ne a bakin tekun nan nasu? Garin Lyme yana tsakanin waɗansu dogayen gaɓoɓi masu tsayi kamar ganuwa, na laka mai launin toka da dutsen farar ƙasa, falle a kan falle kamar an jera tabarmi. Wajen shekara miliyan 200 da suka wuce wurin nan ƙasan teku ne. Duk dabbar da ta mutu sai ta nutse cikin laka, wata lakar ta rufe ta, a hankali lakar ta daskare ta zama dutse, ƙashin dabbar ko ɓawonta shi ma ya koma dutse yana riƙe da siffarsa. Wannan shi ake kira burbushin halittu. Da hunturu, in ruwan sama ya jiƙa gaɓar, igiyar ruwa kuma ta dake ta, sai ta zafto, abin da ke ɓoye ya fito fili. Mai nema dole ya yi sauri, gama in teku ya sake cikowa zai kwashe kome ya farfasa. Watau lokacin da wurin ya fi haɗari, shi ne lokacin da ya fi albarka.

A shekarun nan Ingila tana yaƙi da Faransa. Abinci ya yi tsada, talaka yana kuka, amma masu kuɗi da yaƙi ya hana su zuwa shaƙatawa a ƙasashen Turai sai suka riƙa kwararowa garuruwan bakin teku irin su Lyme. Richard ya ga hanyar ƙarin samu. Ya kan ɗauki Joseph da Mary su tafi gindin gaɓa da guduma da kwando, su tsinto waɗannan duwatsu masu ban mamaki, ya goge su, ya baza a tebur a ƙofar gida baƙi su saya. Mutanen garin ba su san ko mene ne ba. Masu naɗe kamar gammo suna ce musu macizan da suka zama dutse. Masu tsini kamar harsashi kuwa wai yatsun shaiɗan.

A watan Nuwamba 1810 Richard ya rasu yana da shekara 44. Tarin fuka ne ya ci shi, ga kuma raunin da ya ji lokacin da ya faɗo daga kan gaɓa. Bai bar musu kome ba sai bashi. Mary tana da shekara 11. Har sai da iyalin suka shiga cikin masu karɓar taimakon matalauta na gari. Molly ba ta zauna ta rungume hannu ba, ta ci gaba da cinikin duwatsun, yara suna nemowa tana sayarwa. Masu ba da labarin Mary sukan manta da uwar nan, ni kuwa ina ganin ba don ita ba da sana'ar ta mutu tare da mai gidan.

Cikin 1811 Joseph ya ci karo da wani ƙoƙon kai a jikin dutse, tsawonsa ƙafa 4, da dogon baki cike da haƙora da wani ƙaton ramin ido. Suka ɗauka kada ne. Sauran jikin bai bayyana ba sai bayan watanni, a 1812, Mary ce kuwa ta gano shi. Aka ɗauki leburori aka haƙo. Dabbar ta kai ƙafa 17. Ba kada ba ce, don maimakon ƙafafu filafilai gare ta irin na iyo. Ba kifi ba ce kuma, don ƙasusuwanta na dangin ƙadangare ne. Daga baya masana suka raɗa mata suna iktiyoso, ma'anarsa kifi-ƙadangare. Wani mai ƙasa a yankin, Henry Hoste Henley, ya saya a kan kimanin fam 23. Aka kai Landan aka baje ta, mutane suka yi ta tururuwar kallo. A 1819 gidan tarihi na British Museum ya saye ta a gwanjo a kan fam 45 da sule 5. Wani babban likita, Everard Home, ya rubuta maƙala bayan maƙala a kanta tun daga 1814. Ko sau ɗaya bai ambaci yaran da suka gano ta ba. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da irinsa.

Abin ya tayar da ƙura ne saboda a lokacin Turawa da yawa ba su yarda cewa wani jinsin dabba zai iya ƙarewa ƙurmus daga doron ƙasa ba. In an tono ƙashin da ba a sani ba, sai su ce dabbar tana nan da rai a wani lungu da ba a kai ba tukuna. Wani masani a Faris, Georges Cuvier, ya daɗe yana cewa ba haka ba ne. Dabbobin da Mary ta riƙa fitowa da su, ɗaya bayan ɗaya, sun zama shaida mai nauyi a gefensa, gama babu mai jirgin ruwan da ya taɓa ganin irinsu da rai.

Suna ya fara fita, amma tukunya ba ta cika ba. Zuwa 1820 sun yi kusan shekara ba su sami wani abin kirki ba, har suna shirin sayar da kayan ɗaki su biya haya. Wani tsohon hafsan soja mai sayen kayansu, Thomas Birch, ya ga halin da suke ciki. Ya kwashe duk abin da ya tara, yawancinsa daga hannunsu ya saya, ya yi gwanjonsa a Landan a watan Mayu na shekarar, aka sami fam 400, ya taimaka musu daga ciki. Masu saye sun zo har daga Faris da Biyana, sunan gidan Anning ya shiga kunnen masana. Joseph ya kama koyon sana'ar yi wa kujeru katifa, aikin duwatsu ya koma hannun Mary.

A nan nake so mu ɗan dakata, don tsintuwa daban, ganewa daban. Kowa zai iya tuntuɓe da dutse. Abin da ya raba Mary da sauran masu tsinta shi ne ta koya wa kanta sanin abin da ta tsinta. Ba ta da kuɗin sayen littattafai, sai ta ari maƙalun masana ta kwafe su da hannu, kalma bayan kalma, har da zane-zanen ciki, waɗansu kwafe-kwafen nata suna nan ajiye har yau. Ta kan sami kifi ɗanye daga masunta ta feɗe shi a kan tebur, ta duba yadda ƙashi ya haɗu da ƙashi, sa'an nan ta gwada da na dutse. In ta samo dabba, sai ta yi makonni tana cire dutsen da ke lulluɓe da ita kaɗan kaɗan, ba tare da ta gusar da ƙashi daga inda ta same shi ba. Mace da ta iya tsince tsakuwa daga shinkafa ta san irin haƙurin.

Bari in ba ku misali ɗaya na irin wannan ganewa. Ku ɗauki katantanwar dodon koɗi, irin wadda yara ke tsinta a bakin dam da damina. In kun fasa ta za ku ga rami ɗaya ne ya naɗe tun daga baki har ƙurya, babu shamaki. Abin nan da mutanen Lyme ke kira maciji, wanda masana ke kira amonait, a ido ya yi kama da ita. Amma in aka yanka shi biyu sai a ga ɗakuna ɗakuna a jere, kowanne da bangonsa. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na bakin ƙofa, sauran ɗakunan kuwa suna taimaka mata ta yi sama ko ta yi ƙasa a cikin ruwa. Saboda haka amonait ba dodon koɗi ba ne ko kaɗan, ɗan'uwan dabbobin teku ne masu hannuwa da yawa. Shi kuma dodon koɗi na gaske, ana rarrabe irinsa da duban yawan naɗinsa, da tsayin tsininsa, da siffar bakinsa, da layukan da ke jikinsa ko a tsaye suke ko a kwance. Kuskure kaɗan a nan sai a ba dabba sunan da ba nata ba, a kuma yi wa dutsen da ta fito ciki shekarun da ba nasa ba.

Kada ku ce wannan abin ƙasar Turawa ne. Mu ma teku ya taɓa kwanciya a ƙasarmu. A Ashaka ta jihar Gombe, inda ake fasa dutsen siminti, ana samun amonait masu shekara fiye da miliyan 90. A Kalambaina kusa da Sakkwato, dutsen farar ƙasar da ake yin siminti da shi cike yake da katantanwar teku da bushiyar teku, daga wani ruwa da ya taɓa ratsa inda hamadar Sahara take yanzu. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, a 1972 masana suka sa masa sunan garin, Goronyosaurus. Amma 'yan makarantar Kazaure da Roni, kada ku wahalar da kanku kuna fasa duwatsun bayan gari. Namu sun girmi waɗancan nesa ba kusa ba, kuma sun sha zafi da matsi a cikin ƙasa har sun sāke kama, ba irin masu ajiye katantanwa ba ne.

Ran 10 ga watan Disamba 1823 Mary ta yi babban kamu. Ta gano cikakkiyar gawar wata dabba mai ɗan ƙaramin kai, da faffaɗan jiki, da filafilai huɗu, da wuya dogo kamar maciji. Ita ce ake kira filesiyoso. Aka aika wa Cuvier zanenta a Faris. Da ya ƙirga gaɓoɓin ƙashin wuyan sai ya yi shakka. Mutum gaɓa 7 gare shi a wuya, raƙumin dawa ma duk tsawon wuyansa 7 ne, wannan kuwa 35. Ya yi zaton an ɗauko kan wata dabba ne an liƙa a jikin wata don a ci kuɗin mutane. Ku duba girman abin. Maganar Cuvier a lokacin yankan wuƙa ce, in ya ce jabu ne, babu mai sake sayen ko tsakuwa daga hannun Mary, ita da tsohuwarta kuwa ba su da wata gona. A farkon 1824, shekarar da Baturen nan Clapperton ya shiga Kano ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ta zauna a kan dabbar nan. Aka duba, aka tabbatar sahihiya ce, Cuvier kuma ya janye shakkarsa. Mary ba ta wurin, don ba a barin mata su shiga. William Conybeare, wanda ya yi bayanin dabbar a gaban taron, bai faɗi sunanta ba.

Haka abin ya yi ta tafiya. Masana su zo Lyme, ta ɗauke su zuwa gindin gaɓa, ta nuna musu, ta bayyana musu, su saya, su koma su rubuta da sunansu. A gidajen tarihi sunan wanda ya biya kuɗi ake liƙawa, ba na wanda ya tono ba. Wata budurwa da ta kan raka ta yawon nema ta rubuta cewa abin yana ci wa Mary rai ƙwarai, tana ganin an tatse iliminta an bar ta. Ni dai ban ga laifinta ba. Amma gaskiya a faɗe ta, ba dukansu ne marasa kirki ba, za ku gani nan gaba.

A 1826, tana da shekara 27, ta tara abin da ya isa ta sayi gida mai kanti da tagar gilashi. A watan Disamba 1828 ta gano ƙadangare mai fukafukai, irinsa na farko da aka samu a wajen ƙasar Jamus. A 1829 ta samo wani baƙon kifi, a shekarar ce kuma ta je Landan, tafiyar da ba ta sake yin irinta ba. A 1830 ta gano wata filesiyoso wadda daga baya ta kawo mata fam 210.

Akwai bincikenta biyu da na fi so, don sun nuna kaifin idonta fiye da manyan dabbobin. Na farko, waɗansu duwatsu ne mulmulallu da ake tsinta a bakin tekun, ba wanda ya san asalinsu. Mary ta lura ana yawan samunsu a cikin cikin iktiyoso, wajen hanji. Ta fasa waɗansu, ta ga ƙayar kifi da ɓawon kifi a ciki. Ta ce wannan ai kashi ne ya zama dutse. 'Yan makaranta, ku lura da rubutun, kashi na ce, ba ƙashi ba, ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Malamin Jami'ar Oxford William Buckland ya bi maganar, ya buga ta a 1829, shi kam ya ambaci sunanta. Kada ku yi dariya, da wannan ne aka fara sanin wace dabba ke cin wace a tekun dā. Na biyu, a cikin abin nan da ake kira yatsun shaiɗan ta gano wata 'yar jaka mai busasshen baƙin abu. Ta feɗe danginsu na yanzu, waɗanda ke fesa baƙin ruwa su ɓuya in an biyo su, ta ga jaka iri ɗaya. Tawada ce. Ƙawarta Elizabeth Philpot, wata mai tara burbushin kifi a garin, ta jiƙa ta da ruwa ta yi zane da ita. Tawadar da ta shekara miliyan 200 a cikin dutse ta kama takarda.

Wahala ba ta rabu da ita ba. A 1830 ciniki ya faɗi, sai abokinta tun na ƙuruciya, Henry De la Beche, ya zana hoton tekun Dorset na dā da dabbobin da ta gano suna iyo suna cin juna, aka buga shi da yawa aka sayar aka ba ta kuɗin. A watan Oktoba 1833 gaɓa ta zafto a gabanta, ta binne karenta mai suna Tray wanda ke raka ta kullum, ita kuwa taku kaɗan ya raba ta da mutuwa. A 1835 ta sa kusan duk abin da ta tara, wajen fam 300, a wata harka ta hannun wani mutum, kuɗin suka salwanta. Buckland ya tashi tsaye har aka yanka mata fam 25 a kowace shekara daga ƙungiyar masana kimiyya da gwamnati. Wani masanin kifi ɗan ƙasar Suwizalan, Louis Agassiz, wanda ya ziyarce ta a 1834, ya sa wa kifayen dutse iri biyu sunanta. A 1844 Sarkin Saksoni na ƙasar Jamus da kansa ya shiga kantinta ya sayi iktiyoso. Duk da haka, rubutunta ɗaya tak aka buga a mujallar kimiyya tana da rai, wata wasiƙa ce a 1839 inda ta yi wa mujallar gyara a kan wani kifi.

Uwarta ta rasu a 1842. Mary ba ta yi aure ba. Bayan 'yan shekaru ciwon daji ya kama ta a mama. A zamanin babu wani magani sai na kashe zafi, wanda ake haɗawa da ofiyom, yana sa maye da tangaɗi. Mutanen garin da ba su san abin da take ɓoyewa a ƙarƙashin riga ba suka fara raɗa cewa ta kama shan giya. Mu mata mun san yadda irin wannan raɗa take yawo daga gida zuwa gida. Mun kuma san yadda ake ɓoye ciwon mama saboda kunya. Ita ba ta da asibitin da zai cece ta, mu kuwa muna da shi, kuma ƙullutun da aka kai wa likita da wuri ya fi sauƙin magani nesa da wanda aka yi shekara ana shafa wa mai. A 1846 masanan Landan suka ji labari suka tara mata kuɗi, gidan tarihi na lardin Dorset kuma ya ba ta wakilci na girmamawa. Ta rasu ran 9 ga watan Maris 1847, tana da shekara 47. De la Beche, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar nan da ta hana ta shiga, ya yi jawabin yabonta a gaban taronsu, aka buga a mujallarsu, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan ƙungiya ba. A 1850 aka sa taga mai gilashi kala-kala a cocin garin don tunawa da ita. Ƙungiyar ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun wakilai ba sai 1919.

Dabbobin da ta tono ba su gama ba da labari ba. A 1987 wani masani ɗan Amurka, Craig Smith, da abokan aikinsa suna bincike da ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin a gaɓar Kalifoniya, sai suka tarar da ƙasusuwan wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ta fi giwa girma, a zurfin mita 1,240, inda hasken rana ba ya kaiwa. Ƙasusuwan cike suke da rai. Ga yadda abin yake. In wel ta mutu ta nutse, manyan kifaye su cinye naman cikin watanni. Tsutsotsi su bi ragowar. Sa'an nan sai ƙananan ƙwayoyin halitta su shiga cin man da ke cikin ƙashi, suna fitar da wata iska ta farar wuta mai warin baragurbi. Waɗansu ƙwayoyin kuma da wannan iskar suke rayuwa, su yi shimfiɗa a kan ƙashin, dodon koɗi ya zo yana kiwo a kansu kamar akuya a fadama. Gawa ɗaya ta kan ciyar da wannan ƙauye shekaru masu yawa.

Sai tambaya ta taso. Wel ba ta bayyana a duniya ba sai wajen shekara miliyan 50 da suka wuce. Kafin nan wa ke ciyar da irin waɗannan dodon koɗi? A 2008 wani masani ɗan ƙasar Folan, Andrzej Kaim, da abokan aikinsa Japanawa suka ba da rahoton gawar filesiyoso biyu daga tsibirin Hokkaido, masu kimanin shekara miliyan 90. A jikin ƙasusuwan akwai 'yan katantanwa ƙanana, waɗansu ba su kai ƙwayar wake ba. Gane su aiki ne na madubin likita, a ƙirga naɗi, a bi layuka, in an yi sa'a a sami ɗan tsinin can sama wanda dabbar ta fara ginawa tana jaririya, don shi ya fi nuna dangi. Da aka gwada sai aka ga dangin waɗanda ke zaune yau a kan gawar wel ne da bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku. Watau dabbar nan mai dogon wuya da aka zargi Mary da ƙirƙirarta, ita ce ta riƙa yin aikin wel tun wel ba ta zo ba. A 2014 kuma aka yi irin wannan bincike a kan wata iktiyoso daga lardin Dorset, lardin Mary, aka ga alamun cizo da na kiwon bushiyar teku a jikin ƙasusuwanta.

Gaɓar da ta yi rayuwarta a gindinta ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2001. Inda gidan haihuwarta yake, gidan tarihin garin ne a yanzu. A 2010 babbar ƙungiyar kimiyya ta Ingila, Royal Society, ta sa ta cikin mata 10 na Birtaniya da suka fi tasiri a tarihin kimiyya. Amma garin nata bai yi mata mutum-mutumi ba sai da wata 'yar firamare ta yankin ta tambayi uwarta dalili. Uwa da 'ya suka shiga neman gudummawa, jama'a suka tara kuɗi. Ran 21 ga watan Mayu 2022, ranar da ta cika shekara 223 da haihuwa, aka buɗe shi a bakin teku. An yi ta tana tafiya, guduma a hannu, kwando a damtse, karenta Tray a gefe, ta fuskanci gaɓar da ake kira Black Ven.